Yadda tiraka ta Bluetooth ke nuna inda kayanka suke, da abin yi idan ta tsaya cak

Wata Laraba bayan la'asar Kawu ya kira ni, muryarsa a sama. Ya sauka daga motar Kano a Kwangila, ya hau a-daidaita-sahu zuwa Samaru, sai da ya shiga gida ya cire hula sannan ya tuna jakar takardunsa tana bayan kujera. A cikin jakar akwai AirTag, 'yar tirakar nemo kaya ta kamfanin Apple, da ɗansa ya aiko masa tare da wayar iPhone.

"Kai, wannan abin naku na banza ne," in ji shi. "Tun ɗazu yake nuna min bakin kasuwar Samaru. Na koma har sau biyu, na tambayi mai lemo, na tambayi mai faci, babu jaka babu dalilinta."

Na ce, "Kawu, ku duba ƙarƙashin sunan jakar, akwai lokaci a rubuce. Me ya ce?"

Ya yi shiru yana neman tabarau. "Wai awa biyu da suka wuce."

"To Kawu, ai bai ce jakar tana nan yanzu ba. Cewa ya yi awa biyu da suka wuce an gan ta a wurin, kuma wayarku ce ta gan ta, lokacin da kuke sauka."

Mafi yawan ƙorafin da ake kawo min kan waɗannan 'yan na'urori daga nan yake tasowa. Mutum ya saya yana zaton irin tirakar da ake sa wa mota ce, alhali aikinsu ya sha bamban.

Abin da ke cikinta, da wanda babu

Tiraka ta Bluetooth ba ta da GPS, ba ta da layin waya, ba ta hawa intanet. Ita kanta ba ta san inda take ba. Abin da ke cikinta batir ne mai kama da kwabo, da ɗan lasifika, da abin da ke watsa sigina. Duk bayan 'yan daƙiƙu sai ta yi cigiya a iska, kamar yaron da ya ɓace a kasuwa yana kiran sunan gidansu. Idan wata waya ta gifta kusa ta ji, sai wayar ta duba inda ita kanta take, ta ɗaure bayanin a rufe, ta tura wa kamfani ta intanet. A tsarin Apple da na Google, wayarka ce kaɗai ke da mabuɗin buɗe shi. Mai wayar da ta taimaka bai san ya taimaka ba, kai ma ba ka san ko wane ne ba. Lambar da tirakar ke watsawa ma canzawa take yi lokaci zuwa lokaci, don kada wani ya riƙa bin ta.

Kafin ɗigon da ke kan taswira ya motsa, sai abu huɗu sun haɗu: batirin tiraka na da rai, wata waya ta dangin da suka dace ta zo kusa, wayar nan Bluetooth da lokeshan ɗinta a kunne suke, sannan tana da data. Ɗaya ya faɗi, ɗigo ya tsaya. Mu kuwa a nan, da wutar NEPA ta yi kwana biyu ba ta zo ba, abu na farko da kowa ke kashewa don ceton caji shi ne waɗannan ukun. Shi ya sa abin da ake nunawa a bidiyon 'yan Landan, inda ɗigo ke tafiya kamar ana jan sa da zare, ba lalle ka gan shi a Tudun Wada ba.

Kuma wurin da aka nuna maka na wayar da ta ji kiran ne. Tiraka na iya zama taku ashirin ko talatin daga can, a bayan katanga.

Mataki na farko: san dangin tirakarka

Wannan ya kamata a yi shi tun kafin a biya kuɗi. AirTag, wadda Apple ya fito da ita a 2021, wayoyin iPhone da sauran kayan Apple ne kawai ke kai rahotonta, ta manhajar Find My. SmartTag ta Samsung kuma sai wayoyin Galaxy, ta SmartThings Find, ba ta ma haɗuwa da Tecno ko Infinix. Tile tana aiki da Android da iPhone duka, amma ta dogara ne ga wayoyin da aka sa wa manhajar Tile ko ta Life360, kamfanin da ya saye ta a 2021, kuma ni dai ban cika ganin masu wannan manhaja a Zariya ba. Na huɗu shi ne tsarin Google, wanda ya fara aiki a Afrilun 2024 da sunan Find My Device, aka sauya masa suna zuwa Find Hub a 2025. Tirakokin Chipolo da Pebblebee da Moto Tag na cikin masu hawa kansa, kuma wayoyin Android daga na 9 zuwa sama na iya shiga.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a inda kayana ke yawo, wace waya ce a aljihun mutane? Ɗalibin da ke kai-kawo tsakanin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ɗakin kwana a babban harabar ABU, ko ma'aikacin asibitin Shika, ko mai hulɗa da bankunan PZ, AirTag za ta yi masa aiki daidai gwargwado, don ba a rasa mai iPhone a wuraren. Wanda kayansa ke bin hanyar Giwa ko ƙauyukan bayan Basawa, tana iya kwana ba ta yi motsi ba. A takarda tsarin Google ne ya fi dacewa da mu, tunda Android ta cika gari, amma yana da wani sharaɗi da zan zo kansa.

Akwai kuma wasu masu araha sosai da ake rataye su a shago kamar maƙallin mabuɗi, ba sunan kamfani, sai wata manhaja da ba wanda ya taɓa jin ta. Waɗannan ba su da dangi ko kaɗan. Iyakarsu su yi ƙara idan kana kusa, su kuma tuna wurin da suka rabu da wayarka. Don neman mabuɗi a cikin ɗaki sun wadatar. Ka duba jikin kwali: idan ba a rubuta cewa tana aiki da Find My na Apple ko tsarin Google ba, kada ka ɗora mata jakar tafiya.

Mataki na biyu: karanta lokaci kafin taswira

Buɗe manhaja, taɓa sunan kayan, idonka ya fara sauka kan lokacin da aka rubuta. Idan ya ce yanzu, ko minti biyu zuwa biyar, ɗigon abin bi ne. Idan ya ce awa uku, tarihi kake karantawa. Sannan dubi faɗin da'irar da ke kewaye da ɗigon. A fili kamar filin ƙwallo takan matse. A cikin birni, lungunan Babban Dodo ko wajen Ƙofar Doka, inda gidaje ke manne da juna, da'ira ɗaya na iya haɗiye gida biyar ko shida. Kada ka je ka yi sallama a ƙofar mutum ka ce kayanka na gidansa saboda ɗigo ya zauna a kan rufinsa. Rigimar da za ta biyo baya ta fi jakar tsada.

Babu maɓallin da zai tilasta wa tiraka ta faɗi inda take. Jan allo ƙasa, ko rufe manhaja a sake buɗewa, tambayar kamfani kawai yake yi ko wani sabon rahoto ya shigo. Haka ma maɓallin sa ta ƙara: sai wayarka na kusa da ita yake aiki. Kana Gyallesu ba za ka sa jakar da ke Sabon Gari ta yi kuka ba.

Wani lokaci wayar da ta ji kiran ba ta da data a lokacin, sai daga baya rahoton ya tafi. Shi ya sa za ka ga ɗigo ya yi tsalle da daddare yana nuna wurin da kayan suka bi tun da yamma.

Mataki na uku: fara zargin wayarka

Kafin ka ce tiraka ta lalace, gwada wannan. Duba cewa kana da data mai aiki, ba alamar sabis kawai ba. Buɗe wani shafi ka gani. Kashe Bluetooth ka kunna. Tabbatar lokeshan a kunne yake, kuma an ba manhajar izinin sanin ainihin wuri, ba ƙiyasi ba. Duba cewa asusun da ke kan wayar shi ne wanda aka haɗa tirakar da shi, domin da yawa yaron shago ne ya buɗe musu asusu ranar da suka sayi waya, daga baya suka koma wani. Idan kwanan wata da agogon wayar sun karkace, mayar da su kan saitin da ke daidaita kansa. Sannan kashe wayar gaba ɗaya ka kunna.

Masu Android suna da ƙarin aiki. Wayoyinmu na Tecno da Infinix da itel suna da zafin hannu wajen kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage don adana caji. Shiga saitin batir, nemo manhajar tirakar, cire ta daga cikin waɗanda ake takurawa, ka kuma ba ta izinin lokeshan na kowane lokaci, ba sai an buɗe ta ba. Ga mai Tile wannan wajibi ne, in ba haka ba wayarka da kanta ba za ta riƙa lura da inda ka ajiye kayan ba. Idan kana da al'adar danna manhajar share-share sau goma a rana, ka sani kana kashe mai gadinka ne da hannunka.

Ga sharaɗin Google da na ambata. Yadda tsarin ya zo daga kamfani, waya ba ta kai rahoton tiraka ita kaɗai. Sai wayoyi da yawa sun gan ta a wuri mai cunkoso sannan a haɗa bayanansu a nuna maka. An yi haka ne don kare sirrin mutane, amma sakamakonsa shi ne jakar da ta faɗi a hanyar gona, mutum ɗaya ya wuce ta, ba za ka ji labari ba. A cikin saitin Find Hub akwai zaɓin da ke ba waya damar taimakawa a ko'ina, har inda ba jama'a. Sauya naka ba zai sa a ga kayanka da sauri ba, kayan wasu zai taimaka. Amma idan 'yan gidanku da abokan aikinka duk suka sauya, unguwarku ta samu idanu. Kuma dole wayar ta kasance da makullin allo, lamba ko zane, kafin tsarin ya yi aiki yadda ya kamata.

Mataki na huɗu: kunna yanayin ɓata, sannan ka taka da ƙafarka

A cikin manhaja akwai wurin da za ka nuna cewa kayan sun ɓata. Kunna shi, sa lambar wayar da za a same ka, ka kuma kunna sanarwar da za ta shigo da zarar wata waya ta gan su. Daga nan ka daina zura wa allo ido. Wanda ya tsinci AirTag, idan wayarsa na da NFC, wato fasahar da ke karanta abu idan an kara shi a jikin waya, ko da Android ce, yana kara farin gefen a bayan wayar zai ga shafi da lambarka. SmartTag2 ta Samsung ma na da irin wannan. Sai dai ƙananan wayoyi da yawa ba su da NFC, kuma ba kowa ya san ana yin haka ba, don haka ni ina ba da shawarar tsohuwar dabara a kan sabuwa: rubuta lambarka a takarda ka sa cikin jakar.

Idan kayan ba masu tafiya ba ne, wato ka yar da su ne ko ka manta, je wurin da aka gan su na ƙarshe da wayarka a hannu, Bluetooth a kunne. Yanzu kai ne mai wucewar da ake jira. Yi tafiya a hankali, kana tsayawa kamar rabin minti duk bayan 'yan taku. Siginar Bluetooth a kan mita 2.4 gigahaz take, kuma ruwa da ƙarfe da jikin mutum duk suna shanye ta. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni, ko ƙofar ƙarfe, ko but ɗin mota, ko akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana, kowanne na iya rage shi zuwa 'yan taku. Ranar Juma'a a cikin cunkoson masallaci ma haka ne, jikin jama'a ya tare. Ɗaga wayar sama, zagaya ginin ta kowane gefe.

Da zarar manhaja ta ce an haɗu, sa ta ƙara, ka roƙi a kashe rediyo ko janareta na minti ɗaya, don sautin siriri ne. Mai iPhone 11 zuwa sama, ban da ƙananan samfurin da ba a sa musu wannan fasaha ba, zai ga kibiya tana nuna masa gefe da nisa idan ya matso sosai. Wasu manyan wayoyin Galaxy ma na yi da SmartTag2. Saura kuwa sai dai alamar da ke cika yayin da kake matsowa.

Jakar Kawu mai tafiya ce, don haka zama muka yi. Bayan magariba sanarwa ta shigo daga wajen kasuwar Sabon Gari, bayan isha'i wata ta shigo daga Kwangila. Wannan ya nuna mana jakar na cikin keken har yanzu, direban bai ma lura ba. Da safe muka je wurin shugabannin masu keke na tashar, muka yi bayani, muka tsaya a bakin layi da waya a hannu. Keke na bakwai ko na takwas da ya shigo, sai wayar ta haɗu. Na danna ƙara, muka ji ɗan kuka daga bayan kujera, ƙarƙashin wani buhu. Direban ya riƙe baki. Kawu ya ba shi na goro, ya juyo ya ce min, "Ashe dai abin yana da hankali, haƙuri ne ba ni da shi." Ranar na kunna masa sanarwar da ke faɗakar da mutum idan ya bar kayansa a baya, wadda da tana kunne tun farko da keken bai yi nisa ba.

Mataki na biyar: batir

Idan tiraka na hannunka amma waya ta ƙi ganin ta, kusan kullum batir ne. AirTag da SmartTag2 duk CR2032 suke ci, mai bolt 3. Apple ya ce nasa na kai kimanin shekara, Samsung ya ce SmartTag2 na kai kwana 500, ko 700 a yanayin tanadi. Yawan sa ta ƙara na rage wannan, zafi ma haka. An ƙayyade wa AirTag digiri 60 a matsayin iyaka, kuma gaban motar da aka rufe a rana a watan Afrilu ba wasa ba ne.

Don buɗe AirTag, danna murfin ƙarfen da manyan yatsu biyu, murɗa shi hagu, ya fita. Sa sabon batir gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama. Za ka ji ɗan sauti, alamar ya zauna. Idan ba ka ji ba, ga abin da za ka duba. Na taɓa sayen batir a wurin wani mai gyaran agogo, ya ce min duk ɗaya ne. Da na dawo gida na duba da kyau sai na ga CR2025 ne. Faɗinsu ɗaya, milimita 20, amma kaurin wancan 3.2 ne, wannan 2.5, sai ya riƙa lilo a ciki, yau ya taɓa gobe ya saki. Karanta lambar da idonka kafin ka biya. Na biyu, wasu batura ana shafa musu abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, kuma Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa shafin na iya hana su taɓa ƙarfen AirTag. Na uku, ƙurar hunturu: goge cikin da busasshen ƙyalle. Tsohon batirin kuwa kada a bar shi inda yaro zai kai hannu, haɗiye shi na iya kisa.

Wasu samfurin Tile da masu siffar katin banki ba a canza musu batir. Wasu caji ake yi musu, wasu in ya ƙare sun gama aiki.

Mataki na shida: mayar da ita sabuwa

Sai komai ya gaza ake zuwa nan. Cire ta daga asusunka a cikin manhaja tana kusa da wayar, sannan ka sake haɗawa. Idan AirTag ta ƙi, cire batir ka mayar ka danna har ka ji sauti, ka maimaita har sau biyar. Sautin na biyar daban yake da sauran, shi ne alamar ta shirya. Rufe murfin, kawo ta kusa da waya.

Wannan ba ya cire ta daga asusun wani. Wanda zai sayi ta hannu, ya sa mai ita ya cire ta daga asusunsa a gabansa, ya kuma haɗa ta da tasa wayar kafin kuɗi su bar aljihu. In ba haka ba ya sayi maƙallin mabuɗi mai tsada.

Maganar mashin, da maganar bin mutane

Ana yawan tambayata ko a ɓoye AirTag a cikin mashin saboda ɓarayi. Ta fi babu, amma ba don haka aka yi ta ba. Idan ta daɗe rabe da mai ita, tsakanin awa 8 zuwa 24, takan fara ƙara da kanta idan an motsa ta. Kuma tun Mayun 2024 Apple da Google suka haɗa kai, iPhone da Android duka suna sanar da mutum idan wata tiraka da ba tasa ba tana bin sa. Wato ɓarawon na iya samun labari a wayarsa. Ga mashin ko mota, tirakar GPS mai layin waya, wadda ake haɗawa da batirin abin hawa, ita ce ke ba da wuri kai tsaye. Idan kuma ɗigo ya nuna maka inda aka kai abin da aka sace, ɗauki hoton allon da lokacinsa a jiki, ka kai wa 'yan sanda tare da takardun mashin. Kada ka tara abokai ku tafi da kanku.

Wannan sanarwar kan dami 'yan gida ɗaya. Maigida ya sa AirTag a mabuɗin mota, uwargida ta ɗauki motar zuwa Kongo, sai wayarta ta ce ana bin ta. Daga tsarin iPhone na iOS 17 ana iya raba AirTag ɗaya da mutum biyar, kowa ya riƙa ganin ta a wayarsa, sanarwar ta daina.

Idan kuwa sanarwar ta shigo maka kuma ba ka san da wata tiraka ba, kada ka share ta. Taɓa ta, za ta nuna maka taswirar inda aka fara bin ka, ta ba ka damar sa na'urar ƙara. Duba aljihunan jaka, ƙarƙashin kujera, cikin akwatin mashin. In ka same ta, kara ta a bayan waya mai NFC ka ɗauki hoton lambar da ta fito, sannan ka cire batirin, daga lokacin mai ita ya daina ganin inda kake. Kada ka yi wannan a ƙofar gidanka idan da hali, kuma kada ka jefar da ita, domin lambar jikinta ce 'yan sanda za su nema.